Kibiya Mai Lanƙwasa

Shekara talatin da ɗaya ina dukan tafireta
a gindin bedin bakin gidan waya.
Takardar saida gona, takardar neman aiki,
wasiƙar uwa ga ɗan da ya shige Agadas bai waiwayo ba.
In yatsa ya kuskure harafi guda
sai in zare takarda, in dunƙule, in koma bisimilla.

Yau ga ni a shagon Barira, unguwar Ali Ɗan Sofo,
yarinyar da na buga wa ubanta takardar sa ta lakwal.
Ta ɗora hannuna a kan ɓeran na'ura,
ta ce, Baba Nomau, sassauta,
ba wuyan akuya ka kama ba.
Dubi sama.

Na duba. 'Yan hotuna ne a jere
kamar kayan koli a faifai:
almakashi, buroshi,
G mai ƙiba, I mai jingina kamar ta sha rana,
S zaune bisa tabarmarta.
Na taɓa G, sunan Alhaji ya kumbura.
Na ce lalle wannan ya san mutanen garin nan.

Almakashi ya yanke layi uku, babu ɓurɓushi.
Na leƙa ƙarƙashin tebur.
Barira ta yi dariya har da riƙe ciki,
ta ce suna aljihun na'ura,
danna nan, ka liƙa su inda ranka ya so.

Ran Laraba kuran ya ɗauke.
Shafi huɗu na rabon gadon mutanen Jiratawa
suka tafi ko sallama babu.
Ashe ɗan akwatin can na kusurwa shi ne rumbu,
abin da ba ka zuba ciki ba na fara ne.
Tun ranar nake danna shi kamar mai jan carbi.

Amma wadda ta hana ni barci
wata 'yar kibiya ce mai lanƙwasa wuya hagu.
Ka goge, ka taɓa ta, abu ya dawo.
Ka rubuta ashar, ka taɓa ta, shafi fari fat.
Sau bakwai ina goge sunana,
sau bakwai tana maido mini,
ba ta ce don me ba.

Akwai wasiƙar da na buga
shekarar da gulbi ya ci mana rabin fadama,
zuwa ga ƙanena Tsahiru, kan itacen mangwaro goma sha biyu.
Layi tara.
Ban kuskure ko ɗigo ba.
Na lashi tambur na manna, na jefa da hannuna.
A Kwanni ya karanta ta.
A Kwanni aka rufe shi.

Da magariba Barira ta fita alwala.
Na buga layukan nan tara, don har yau suna kaina,
sannan na shiga taɓa kibiyar.
Kalma na bin kalma suna komawa inda suka fito,
mangwaro ya tafi, kotu ta tafi,
"kada ka sake taka ƙofata" ta tafi,
har ya rage "Zuwa ga ƙanena"
da ɗan tsinken nan mai ƙifta ido, yana jira.

Ta shigo tana yarfe ruwan hannu.
Baba, a fidda maka a takarda?
Na ce a'a, bar shi.
Nawa ne kuɗin awa guda?