Farcen Kawu Sallau

A Garwa, bayan kasuwa, inda garin katako
ke manne wa gumi har cikin kunne,
Kawu Sallau ba ya sayen itace da ido.
Ido maƙaryaci ne, in ji shi,
ai rimi ma yana da jiki.

Farcen babban yatsa yake kafawa, ya danna.
In farce ya shiga, ya bar jinjirin wata,
sai ya ture gungumen da ƙafa:
wannan na akwatin tumatir ne.
In farce ya dawo da kunya
sai ƙusa da guduma,
bugu uku, ba huɗu ba,
ya leƙa zurfin ramin,
ya kara kunne, ya ƙwanƙwasa.
Ƙirya a taƙaice take amsawa, kamar mai bin bashi.
Maje kuwa sai ya ja zance.

Ran Lahadi muka je Pitowa.
Hajja Dudu ta ce turmi take so
wanda zai daka wa jikokin jikokinta.
Ƙirya, ya ce, amma ki nemo ƙarti biyu su ɗauka.
Wani masunci daga Lagdo ya ce shi ma ita.
Kawu ya yi dariya har hula ta karkace:
jirgi kake so ko dutse?
Tafi da maɗaci, taurinsa daidai ruwa,
yana karɓar ƙusa bai tsage ba.
Mai neman azara bai ma zauna ba aka sallame shi:
giginya, namijin,
gara daga nesa take gaishe shi.

Na ce, Kawu, a makarantar sana'a
akwai na'ura mai danna ƙwallon ƙarfe cikin katako
ta fitar da lamba.
Ya ce madalla, ashe ita ma da farcenta.
In ka koma ka tambaye ta
wa zai zauna a kan kujerar,
kuma shekara nawa.

Bana hannunsa ya fara rawa.
Jiya ya danna wani gungume, ya daɗe,
ya ce, wannan ƙirya ce.
Na duba. Ararraɓi ne,
wanda yaro ke ferewa da wuƙar albasa.

Ban ce komai ba.
Shi ma ya yi shiru yana kallon yatsansa,
sannan ya kamo hannuna
ya ɗora babban yatsana a kan itacen.

Danna, ya ce.
Gaya mini.