Ƙulli Bakwai

Igiyar gugana tana da ƙulli bakwai.
Ba ado ba ne. Duk ranin da ruwa ya ja da baya,
Asawase nake zuwa in sayo gaba guda in ɗaura.

Ubana Gariba ya haƙa rijiyar nan a Aboabo,
gaba biyar ya tarar da ruwa.
Yau sai in saki igiya, in saki, in saki,
kafin guga ya ce tsulum can ƙasa,
kamar mai amsa sallama cikin barci.

Ran Asabar aka kira taro a makarantar bayan masallaci.
Rahinatu, jikar mai koko ta bakin tasha,
wai yanzu injiniya ce a ofishin tsara gari,
ta shimfiɗa taswira, ta danne da duwatsu huɗu.
Kowane jan ɗigo burtsatse ne.
Na ƙirga har lissafi ya kuɓuce mini.

Ta ce: ƙasan Kumasi randa ɗaya ce,
katanga a sama take tsayawa.

Alhaji Issaka mai tanki uku ya gyara hula:
filina ne, injina ne, gumina ne.
Maame Serwaa ta amsa da Hausarta mai ƙanshin Tonanci:
to Alhaji, nuna mana inda ka sa wa ruwan tambari.
Aka yi dariya. Shi bai yi ba.

Sai yarinyar ta sassauta murya,
ta ce alƙalumanta na jiya jiya ne,
wa ya tuna inda ruwa yake dā?

Na koma gida na kwanto igiyar, tana ɗiga.

Ta durƙusa da abin awo, ni ina kiran suna:
wannan shekarar da aka haifi Sumaila,
wannan da wuta ta ci rumfunan kasuwa,
wannan da kowa ya malale tsakar gida da siminti,
aka bar ruwan sama yana yawo a kwata
kamar baƙon da aka hana masauki.
Ta rubuta duka, har Sumaila.

Kafin magariba an tsayar da magana:
injuna su huta daga azahar zuwa la'asar,
salga ta yi nesa da rijiya,
kowane gida ya fasa wa damina ƙofa a daɓe.
Littafin awo a hannun Serwaa,
ita da ba ta yafe bashin kenke.

Alhaji bai sa hannu ba.
Amma ran Alhamis da azahar injinsa ya yi tsit.
Wataƙila wuta aka ɗauke. Ban tambaya ba.

Gaba ta takwas na riga na saya tun bara.
Tana nan rataye a ƙusa bayan ƙofa,
sabuwa fil, ba ta san ruwa ba.
Kullum da asuba ina dubanta,
in wuce.