Lambar Sirri

Barira ta aiko da saƙo daga Dutse
a motar masu tumatir, ranar kasuwar Shuwarin.
Ɗaya fari, mai ƙaho biyu kamar ɗan akuya,
ɗaya kuwa tafin hannu ya ɓoye shi.
Babban rawuta ne, in ji ta, ƙaramin modem.
Na ce duk baƙi ne, a yi musu shimfiɗa.

Bayan la'asar ta kira.
Baba, zura layin cikin ƙaramin,
fuskar zinaren ta dubi ƙasa.
Na zura a baibai. Na zaro da tsinken tsintsiya.
Yanzu soka shi a ƙeyar babban,
ka jona wuta daga batirin sola.
Na jona. Ido ɗaya ya buɗe, jawur,
irin kallon da mai bin bashi yake wa mutum.

Ba sabis a ɗaki, Baba, fita da shi.
Muka zaga gidan kamar masu neman kaza:
bakin rijiya, ja,
gindin darbejiya, ja.
Sai da Ɗan'azumi ya hau kan rumbu
ya ɗaure shi da igiyar rama, yana fuskantar Kiyawa,
sannan idon ya fara ƙyafci.

Buɗe wayarka, rubuta abin da zan faɗa:
ɗaya, tara, biyu, ɗigo.
Ni da na auna riɗi shekara talatin ban yi kuren tiya ba,
ɗigo ɗaya ya kā da ni sau uku.
Kati ya ƙare. Na aika a sayo na ɗari biyu.
Ta sake kira tana dariya,
dariyar uwarta sak, har da tarin ƙarshe.

Shafi ya buɗe, aka tambayi sunan ƙofa,
ta faɗa, na kwafa harafi harafi.
Saura lambar sirri, Baba.
Zaɓi abin da ba za ka manta ba.

Na yi shiru.
Turken yana nan a kusurwa, gara ta ci rabinsa.
Tauraro, na ce.
Bajimin da ya ja garmata damina bakwai,
wanda na kai kara da kaina
shekarar da aka kira ta makaranta.
Can ɓangaren ma aka yi shiru.
Ƙara masa lamba, ta ce, muryarta ta sauka.
Na ƙara kuɗin da aka saye shi.

Idon ya koma kore shar, kamar gero bayan ruwan farko.

Sirri a Andaza kwanansa biyu.
Yanzu da magariba samari na jingine da katangata,
fuskokinsu na haske, suna raɗa wa juna:
Tauraro, babban baƙi a farko.
Ba na korar kowa.
Ina zaune a tabarma ina jin sunansa
yana yawo baki baki,
kamar ya tsinke igiya ya dawo gida.