Sandar Kakana Esmond

A kwarin Swaledale, inda ruwan sama ba ya sallama,
katangar duwatsu ta zube cikin dare,
tumaki goma sha bakwai suka faɗa gonar Metcalfe.
Da asuba kakana Esmond ya saɓo liba,
sandar ƙarfen da ta girmi mahaifina,
bakinta a lanƙwashe kamar yatsan mai yafito.

Dutsen gindin ya fi mu nauyi, ni da shi a haɗe.
Ya ce, "Thirza, nemo mini ɗan ƙaramin dutse,
irin wanda kowa zai raina."
Ya cusa shi ƙarƙashin sandar ya zama matashi,
ya koma can ƙarshe ya danna da hannu ɗaya,
ɗayan na riƙe da lofe.
Ƙasa ta ja tsaki,
ta saki abin da ta rungume tun ba a haife ni ba.

Da dare na buɗe ƙamus ɗin kakata,
wanda ɓera ya cinye wa bango.
Ashe sunan ba ɗan gida ba ne.
Baƙo ne, ya haye teku a bakin Faransawa,
a wurinsu ɗagawa yake nufi.
Su ma gado suka ci daga Rumawa,
can saiwarsa ke cewa: mara nauyi.
Na yi dariya har na ƙware.
Ƙarfen da ke sa kafaɗata tsami,
wai sunansa rashin nauyi!

Yana da dangi ma, na bi su da yatsa:
abin da ke kumbura ƙullin burodi,
da ƙasashen gabas inda rana ke tasowa.
Kakana bai ɗago daga gyaran takalminsa ba.
"Littafi ya san sunan," in ji shi,
"amma bai taɓa datse ɗan yatsa ba."

Sauran ma'anonin duniya ce ta karantar da ni.
Hannun ƙarfen da kawu Aldous ke ja a tashar jirgi
ya karkatar da tarago arba'in, shi ma liba ne.
Takardar bashin da mutumin banki ya shimfiɗa a teburinmu,
yana murmushi, yana yaba shayin,
ita ma haka ake kiranta.
Daga nesa ya danna,
gonar ƙasa ta tashi daga hannunmu.

Ran da muka kai kakana makwanci,
mutum shida suka ɗauke shi, suka ce ba nauyi.
Nauyin a gida ya zauna,
kan kujerarsa, gefen murhu.

Sandar tana bayan ƙofa.
Yau ma katanga ta zube wajen rafi.
Na san inda zan tsaya, na san inda zan danna.
Tun safe nake sunkuye cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa,
ina neman ɗan ƙaramin dutsen.