Ba Sa Ga Maciji

Barira ce ta ɗaura min shi a wuyan hannu,
ranar da likitan Gbagada ya duba takardar jinina,
ya cire tabarau, ya ce suga ya haura.
Ta ce, Baba, agogon zai ƙirga takunka,
wayar kuma ka riƙa faɗa mata abin da ka ci.
Da dare su haɗa bayani, ni in gani daga Zariya.

To, su haɗa mana.
Sati uku ke nan agogo da waya ba sa ga maciji.

Agogo ya ce taku dubu goma sha huɗu.
Waya ta ce ɗari tara, har da shawarar in motsa jiki.
Ni da na tari tirelar albasa a Mil Tuwal
tun ladan bai gyara murya ba,
caɓi har idon sawu,
buhu tamanin, ina lissafi ina faɗa da 'yan dako.

Wani ɗan zobe ne ke juyi a fuskar wayar,
juyi, juyi,
kamar baƙon direba a gadar Ojota,
ya ga hanya da ido, ya rasa ta inda ake sauka.
Na kai wa Jatau mai gyara a bakin Ketu,
ya kashe, ya kunna, ya hura mata iska,
ya karɓi dubu ɗaya ya ce sabis ne.

Batun abinci kuwa, sai haƙuri.
Na rubuta dambu, ta ce ba ta san shi ba.
Na rubuta fura, ta nuna min wani farin abu a kofin gilashi.
Amala ta gane,
amma wai giram nawa?
Malmala biyu ce, baiwar Allah,
hannun Iya Mulika ne sikelin,
shi kuma ya danganta da yadda ciniki ya kwana.

Shi ma agogon ba waliyyi ba ne.
Danfo ya jijjiga mu a ramukan hanyar Ikorodu,
ya rubuta min taku dubu biyu ina zaune,
gwiwata a bayan wata mai kwandon kifi.
Na yi La'asar raka'a huɗu,
bai ga komai ba.

Nima ina da nawa.
Shayin Bagudu na bayan Magariba,
cokali uku, madara har ta yi kauri,
ban taɓa gaya wa waya ba.
Tsakanina da kofin ne.

Daren Alhamis aka kawo wuta,
fanka ta farka, na jona caji na kwanta.
Sai ƙit, zoben ya tsaya.
Sun shirya, ba wanda ya shiga tsakani.
Sati uku suka juye a lokaci guda,
kamar buhun da ɗinkinsa ya ɓalle.

Ƙarfe goma sha ɗaya waya ta yi ƙara.
Na shirya ƙarya a kan shayi.
Ba ta tambayi shayi ba, ba ta tambayi amala ba.
Ta ce, Baba, daren Talata,
daga ƙarfe ɗaya har asuba zuciyarka gudu take,
kuma ba ka runtsa ba.

Na ce sauro ne, kin san Legas.

Shiru.
Ina jin numfashinta, tana jin janaretan maƙwabta.
Talatar ce ta cika shekara biyu
da muka kai mahaifiyarta makwanci a Agege.
Ta ce, nima sauron ne, Baba.

Da ta ajiye, na jawo tabarau,
na lalubo gurbin abincin dare da babban yatsa.
Shayi, kofi ɗaya.
Suga, na rubuta biyu,
na zauna ina kallonsa,
na goge, na sa uku.