Ganye Bayan Ganye

Ƙarfe biyun dare a Agege,
janaretan maƙwabta ya gaji ya yi shiru,
ni da kwamfuta muna ta musu
a kan layi bakwai na lissafi.
Gobe ɗalibai ɗari da ashirin na jirana a Akoka,
ba na so in zube musu kayan gaba ɗaya
kamar buhun tumatir da ya fashe a tsakar titi.

Na taɓa yi, bara.
Majigi ya haska, layi bakwai suka faɗo bango lokaci guda,
idanu suka tsallake zuwa ƙasa,
suka kwashe amsa, suka bar hanya.
Ina ta bayani, ashe ni kaɗai nake tafiya.

Baba bai taɓa buɗe huhun goro haka ba.
Yakan kwance igiya, ya dakata.
Ya ɗaga ganyen farko, ya tambayi mutan gida.
Ya ɗaga na biyu, ya yayyafa ruwa.
Kafin jan goro ya leƙo
mai saye ya riga ya haɗiye yawu.
"Barmani," yakan ce mini,
"ido ma yana da maƙogwaro, kada ki shaƙe shi."

To, na rubuta wa na'ura: dakata.
Bayan kowane layi, dakata.
Sai ta tsiri gardama.
Layi na biyu na fitowa, na farko ya yi tsalle sama,
alamar daidai ta goce hagu
kamar danfo mai kauce wa rami,
lambar gefe ta ce uku inda na san biyu ne.
Na goge, na sake, na goge.
Sauro dai ya samu rabonsa.

Sai gab da kiran assalatu na gane:
abin da aka ɓoye, a bar masa wurinsa.
Layin da bai zo ba tukuna
a auna faɗinsa, a keɓe masa farin fili,
nan ne sauran za su tsaya cik,
alamomin daidai su jeru, wata ƙarƙashin wata,
kamar matakalar bene.
Haka kujerar Baba take a rumfa har yau.
Ƙanena Tanimu a gefenta yake zama.

Da safe cunkoso ya ci mini awa biyu,
ruwa na dukan gilashi,
kwandasta na kiran Yaba da muryar da ta dushe.
Na shiga aji da jiƙaƙƙen mayafi.

Na danna: ga x zaune cikin baka,
an ɗora masa ƙaramin biyu a ka kamar gammo.
Na ƙirga numfashi uku.
Na danna: baka ta buɗe.
Na danna: huɗu ya haye gadar daidai,
da ya isa wancan tsallake ya zama bashi.
Wani ya yi dariya, ya san gadar, kullum yana hawa.
Alƙaluma suka fara ƙaiƙayi a kan takarda.
Na huɗu. Na biyar. Na shida.
Yatsana na kan madanni, saura ɗaya,

aka ɗauke wuta.

Bango ya koma bango.
Fanka ta yi juyi uku ta haƙura.
Tsaki ya taso daga ko'ina.
Can baya, jikin taga,
wata da ba ta taɓa ɗaga hannu ba,
Morenike, mai zuwa daga Bariga a ƙafa,
ta miƙe tana kallon wurin da na keɓe,
wurin da yanzu babu komai,
ta karanto layi na bakwai a hankali,
har da ƙaramar alamar ragi
wadda ni kaina nakan manta.

Na rufe kwamfuta.
A jakata akwai goro ɗaya
da Tanimu ya jefo mini ina fita.
Na ɓare shi, na bi tsakanin kujeru cikin duhu-duhu,
na miƙa mata ɓari guda.
Ta gutsura, ta yamutsa fuska.
Na ce, dakata, zaƙin yana baya.