Bayan Dutsen

An gama girbi a Calitzdorp ranar Juma'a.
Babana Jafta ya wanke hannu sau uku,
ruwan inabi bai fita ba,
na shekara arba'in ne ya kwanta a ƙarƙashin farce.
Ya ce, "Kwana huɗu aka ba mu.
Dutsen nan da ke kallona kullum ina sunkuye,
ban taɓa ganin ƙeyarsa ba."

Ruwayne ya aro akori-kura
mai ƙofa ɗaya ɗaure da waya.
Muka loda bargo, butar shayi, burodi biyu,
da Zelna, 'yar shekara shida,
wadda tambayoyinta sun fi tsakuwar hanya yawa.

Jiminu suka miƙo wuya ta saman shinge.
Zelna ta ce ƙirga mu suke yi,
su gani ko za mu dawo cif.

Daga nan Swartberg ya karɓe mu.
Hanya ta murɗe kamar hanjin rago,
hagu bango, dama rami,
duwatsu ja a nannaɗe
kamar tabarmin da aka jingine aka manta.
A lanƙwasa ta tara mota ta yi tari, ta tafasa.
Muna jiran ta huce
sai ga gwaggon biri, tsoho, mai tabo a hanci,
ya zo ba sallama, ya ɗauki burodi guda,
ya hau dutse ya zauna yana ci yana kallonmu.
Baba ya yi dariyar da na rabu da ji tun rasuwar inna.
"Ƙyale shi," in ji shi, "shi ma hutu ya zo."

Mun kwana a wata gona kusa da Prince Albert.
Matar gidan ta jera kofuna,
ta ce a shinshina tukuna, a juya, a kurɓa.
Baba ya riƙe nasa kamar ƙwan da ba nasa ba,
ya mayar a cike.
Shi a jikin itace ya san abin.

Da asuba shimfiɗarsa ba kowa.
Na same shi tsakanin kuringa, raɓa har gwiwa,
yana ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya.
"Baba, hutu fa."
Ya nuna mini nonon inabi uku da masu tsinka suka tsallake.
"Gaggawa," ya ce. Ya ba Zelna biyu,
ɗaya ya bar wa tsuntsaye.

Damisa yake so ya gani.
Yana yaro ya taɓa jin tarinta da dare,
kamar ana zarta katako a cikin duhu.
Nontsasa, mai gadin daji, ta zaga da mu wuni guda.
Mun ga jakunan dawa suna kaɗa ƙuda,
bareyi na tsalle ba wanda ya kore su,
kunkuru ya tsayar da mu a tsakiyar hanya
har sai da ya ga dama.
Damisa kuwa, ko wutsiya.

Rana na shirin faɗuwa, a busasshen rafi,
Nontsasa ta durƙusa ta yafito shi.
Sawu ne a yashi, na jiya, gefensa bai zube ba.
Baba ya aza tafinsa kusa da shi,
baƙin farce gefen zagayen yatsu huɗu.
Ya daɗe a haka.
Ba wanda ya ɗauki hoto, wayar Ruwayne ta mutu.

Talata da sassafe muna cikin layi,
ƙayar beguwa a aljihun Zelna,
jiminu sun ƙirga, mun cika.
Baba ya ɗago daga kuringar mai gona,
ya share goshi, ya dubi dutsen
kamar maƙwabcin da ya taɓa shiga gidansa,
sannan ya koma ya sunkuya.